Hawker, Ball ko McCudden: wanne za ka ɗauka idan zaɓi ɗaya gare ka?

Ɗan yayata da ke karatun tarihi a jami'a ya kira ni wani dare bayan sallar isha'i. Malaminsu ya ba su aiki a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ce kowa ya zaɓi mutum ɗaya tak, ya bi rayuwarsa daga haihuwa zuwa mutuwa, ya nuna abin da rayuwar take bayyanawa game da yaƙin kansa. Yaron tun yana ƙarami ba abin da ke ɗauke masa hankali kamar jirgin sama, saboda haka ya nufi matuƙan jiragen yaƙin Ingila na farko-farko. Sunaye uku ya tsayar: Lanoe Hawker, Albert Ball da James McCudden.

"Kawu," in ji shi, "na duba na ga McCudden ya kakkaɓo jirage 57, Ball 44, shi kuwa Hawker 7 kacal. Ba sai in ɗauki mai 57 ɗin kawai ba?"

Na ce masa, ɗana, ta yiwu a kan McCudden ɗin za mu tsaya, amma ba don wannan lissafi ba. Mun daɗe a waya a daren nan. Da na ga ba shi kaɗai zai iya tsintar kansa a wannan hali ba, akwai mai shirya bidiyon tarihi da Hausa, akwai wanda kuɗin littafi ɗaya ne a aljihunsa, sai na ga ya kyautu in zauna in rubuta abin da na faɗa masa, har da wanda ban samu faɗa ba.

Su ukun duk a rundunar sama ta sojan Ingila suka yi aiki, wadda aka kafa a 1912 da sunan Royal Flying Corps. Dukansu sun sami Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a ƙasarsu. Kuma babu wanda ya ga ƙarshen yaƙin a cikinsu: Hawker ya mutu yana da shekara 25, McCudden 23, Ball kuwa 20. Kamannin ke nan. Amma a asali, da hali, da salon faɗa, da abin da kowa ya bari a rubuce, sun sha bamban ƙwarai.

Bari mu fara kawar da maganar lissafi, domin ita ke ruɗar mutane. Ba da mudu ɗaya aka auna waɗannan nasarori ba. A 1915, lokacin da Hawker ya yi nasa, jirage kaɗan ne a sama, kuma aikinsu leƙen abokan gaba da ɗaukar hoto ne. Matuƙi kan yi kwana da kwanaki bai ga jirgin Jamus a kusa ba, in ma ya gani, wani bindigar hannu ce kawai a tare da shi. Zuwa ƙarshen 1917, lokacin McCudden, jirage garke-garke suke tashi, kowanne da bindiga mai ruwan harsashi. Ga shi kuma Ingilishi suna ƙirga har jirgin da aka ga yana rikitowa ba tare da an ga faɗuwarsa ba, da wanda aka tilasta wa sauka, da wanda mutum biyu ko uku suka haɗu suka harbo. Wanda ya kakkaɓo biyar shi ake ce wa gwani. Bakwai ɗin Hawker su suka sa ya zama gwani na farko a Ingila, a lokacin da ba a ma san yadda ake abin ba.

Lanoe Hawker ɗan gidan soja ne, an haife shi ranar 30 ga Disamba 1890 a ƙauyen Longparish da ke Hampshire. Ya fara makarantar sojan ruwa, daga baya ya koma makarantar hafsoshi ta Woolwich, ya fito hafsa a rundunar injiniyoyin soja. Da kuɗin aljihunsa ya koyi tuƙin jirgi a Hendon, ya sami takardar shaida a 1913. Wannan injiniyancin shi ne mabuɗin fahimtarsa. Duk inda ya ga matsala, sai ya zauna ya ƙera mata magani.

Babbar matsalar 1915 ita ce farfela. Tana gaban jirgi, tana juyawa daidai inda harsashi zai bi, in ka harba gaba ka sare farfelarka da hannunka. Jamusawa sun riga sun samo na'urar da ke daidaita harbi da juyawar farfela a jirginsu na Fokker, Ingilishi ba su da ita. Sai Hawker ya sa aka ɗaure bindigar Lewis a gefen hagu na ƙaramin jirginsa samfurin Bristol Scout, bakinta a karkace, yadda harsashi zai wuce ta gefen farfela. Ka tsaya ka hango abin: jirgi na fuskantar wani wuri, bindiga na fuskantar wani, dole matuƙi ya tunkari abokin gaba a kaikaice kamar tafiyar ƙaguwa, hannu ɗaya a sandar tuƙi, ɗaya a bindiga. Da wannan haɗi ya afka wa jiragen Jamus uku a yini ɗaya, ranar 25 ga Yuli 1915, a yankin Ypres na Beljiyam. Ɗaya ya tsere, ɗaya ya sauka dole, na ukun ya faɗo yana ci da wuta. A kan haka aka ba shi Victoria Cross. Watanni uku kafin nan ya riga ya sami wata lambar, saboda ya sauko ƙasa-ƙasa ya jefa bama-bamai da gurneti a rumfar ƙaton jirgin balan-balan na Jamus, Zeppelin, a Gontrode kusa da Ghent. A faɗan Ypres an harbe shi a ƙafa daga ƙasa, sai ɗaukarsa ake yi a sa shi cikin jirgi, bai yarda ya kwanta ba.

Amma ni a ganina girman Hawker ba a nan yake ba, yana cikin abin da ya yi bayan an ba shi runduna ta 24. Ita ce rundunar farko ta Ingila da aka haɗa da jiragen faɗa masu ɗaukar mutum ɗaya zalla, kuma ya kai ta Faransa a Fabrairun 1916. Jirginsu DH.2 ne, inji da farfela a baya, matuƙi a gaba da bindigarsa ba abin da ya tare ta. Matuƙa suna tsoronsa, domin yakan shiga juyi ya yi ta wulwulawa har ƙasa. Hawker ya ɗauki ɗaya ya hau sama a gaban yaransa, ya jefa shi cikin juyin da gangan, ya fitar da shi, ya sake, sannan ya sauko ya bayyana musu yadda ake yi. Gani ya kori ji. Shi ya ƙirƙiro dogayen takalma na fatar tumaki masu kaiwa cinya saboda sanyin sama, kuma da hannunsa a faɗaɗa gidan harsashin bindigar Lewis daga 47 zuwa 97, don kada mutum ya tsaya canji a tsakiyar faɗa. Umarnin da ya kafa wa rundunarsa gajere ne: ku afka wa duk abin da kuka gani. Da yaransa Oswald Boelcke, babban malamin matuƙan Jamus, yake fafatawa ranar da ya yi karo da jirgin abokin aikinsa ya mutu a Oktoban 1916.

Bayan wata guda sai tasa ta zo. Ranar 23 ga Nuwamba 1916 ya bi yaransa sintiri, ko da yake kwamanda ba dole ba ne ya tashi. Kusa da Bapaume ya haɗu da ɗaya daga cikin almajiran Boelcke, Manfred von Richthofen, a cikin Albatros mai bindiga biyu da injin da ya fi nasa ƙarfi nesa ba kusa ba. DH.2 ya fi iya lanƙwasa, shi ke nan abin da ya rage masa. Sun yi ta kewaya juna wajen rabin sa'a, suna saukowa, iska kuma tana tura su can cikin yankin Jamusawa. Mai ya kusa ƙarewa, dole Hawker ya fasa kewayen ya nufi gida yana kauce-kauce, daf da ƙasa. Saura ƙiris ya tsallaka harsashi ya same shi a ƙeya. Shi ne mutum na 11 a lissafin Richthofen, wanda ya kai 80 daga baya. Jamusawa sun binne shi a wurin, yaƙi ya bi ta kan kabarin ya shafe shi. Sunansa dai yana jikin dutsen tunawa da ke Arras.

To, wa ya kamata ya ɗauki Hawker? Wanda tambayarsa ita ce: ta yaya faɗan sama ya faro? In wannan ce damuwarka, babu na biyunsa. Sai dai ka sani akwai wahala biyu. Yawancin masu ba da labarinsa ta bakin Richthofen suke bayarwa, har mutumin ya koma lamba a lissafin wanda ya kashe shi, kuma wannan yana ɓata mini rai. Na biyu, tarihinsa mafi cika ƙaninsa Tyrrel ne ya rubuta, ya fito a 1965. Aiki ne mai daraja, cike da wasiƙu da bayanan gida, amma ɗan'uwa ne ke magana a kan ɗan'uwansa da ya rasa, dole ɗalibi ya riƙe wannan a ransa.

Albert Ball shi ne wanda zuciya ke saurin karkata gare shi. An haife shi ranar 14 ga Agusta 1896 a Nottingham, mahaifinsa attajiri ne da ya riƙe magajin garin. Ya shiga sojan ƙasa a 1914, ya ga an ƙi tura shi bakin daga, sai ya riƙa tashi tun kafin asuba yana hawa babur zuwa Hendon koyon tuƙi da kuɗinsa. Ya isa Faransa a Fabrairun 1916, wato daidai watan da Hawker ya kai rundunarsa. Daga Mayu zuwa farkon Oktoba na shekarar ya tara nasara 31.

Salonsa shi kaɗai ya iya abinsa. Shi ɗaya yake fita, ba hular fata ba gilashin ido, ya afka cikin jirage biyar ko shida ba tare da ya ƙirga su ba. A jirginsa na Nieuport bindigar tana bisa fiffiken sama, a kan wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake jawo ta ƙasa don canza gidan harsashi. Ball ya mai da wannan makami. Yakan lallaɓo ta ƙarƙashin jirgin abokin gaba, inda ba mai ganinsa, ya matso har ya kusa taɓa shi, ya jawo bindigar ta kalli sama, ya zuba wuta a cikin jirgin. Sau da yawa nasa jirgin kan dawo duk huji.

A ƙasa kuma wani mutum ne daban. Bai son zaman ɗakin hafsoshi. Ya gina 'yar bukka ta katako kusa da inda jirginsa yake, ya yi ɗan lambu a gefenta da irin da ake aiko masa daga gida, da dare yana goga gogensa irin na Turawa. Yaro ne mai riƙo da addininsa, yana rubuta wa iyayensa wasiƙa a kai a kai, kuma a cikin wasiƙun yana faɗa musu cewa ya gaji da kisa, ba ya ƙin mutanen da yake harbowa. A Yulin 1916 ya roƙi a ba shi hutu saboda jikinsa ya gaya masa. Maimakon hutu sai aka tura shi wata runduna mai tsofaffin jiragen leƙe marasa gudu, aikin da ya fi nasa haɗari. Duk lokacin da na zo wannan gaɓa sai in tuna cewa a lokacin bai cika shekara 20 ba.

Abin da ya sa sunansa ya fi na sauran tashi yana da dalili. Da farko hukumar sojan Ingila ba ta son a ware matuƙi ɗaya a yi ta yabonsa, alhali Jamus tana da Boelcke da Immelmann, Faransa tana da Guynemer, jaridu na ta buga hotunansu. Sai ga yaƙin Somme a Faransa, wanda a ranar farko kaɗai, 1 ga Yuli 1916, Ingila ta rasa sama da mutum 19,000. Jama'a na neman labari ɗaya mai daɗi, ga kuma kyakkyawan saurayi da ke cin nasara shi kaɗai. Aka ba shi wata lambar jarumta, DSO, har sau uku, aka karrama shi a garinsu, ya zama ba ya iya tafiya a titi sai an taru a kansa. Ya matsa a mai da shi fage, ya koma a Afrilun 1917 tare da runduna ta 56 da sabon jirgi SE5, a watan da Ingila ta yi asarar jirage sama da 200. Da yammacin 7 ga Mayu, cikin hadari da ruwa, aka ga ya bi wani jirgin Jamus cikin baƙin gajimare. Jamusawan da ke ƙasa kusa da ƙauyen Annoeullin sun ga jirginsa ya fito daga gajimaren a kife, inji a mace, ya faɗi a gona. Hukumar Jamus ta ba Lothar, ƙanin Richthofen, wannan nasara, amma ba a sami raunin harsashi a jikin Ball ba, kuma masana da yawa sun fi karkata ga cewa gajimaren ne ya juya masa kai. Nasararsa 44. Victoria Cross bayan mutuwarsa ta zo. Mahaifinsa ya sayi gonar da ya faɗi, kuma har yau mutum-mutuminsa na tsaye a harabar fadar Nottingham.

Ball ya dace da wanda ke son rubutu a kan abu biyu: yadda gwamnati da jarida ke ƙera gwarzo lokacin yaƙi, da abin da yaƙi ke yi wa zuciyar yaro. Wasiƙunsa suna nan da yawa, kuma babu wanda ya buɗe cikinsa kamar shi a cikin ukun. Haɗarinsa shi ne labarin ya yi daɗi da yawa. Ɗalibi kan fara da niyyar nazari ya ƙare da waƙar yabo, ya maimaita abin da jaridun 1917 suka rubuta. Kuma in ana maganar dabarun yaƙi, hanyar Ball ba ta haifi 'ya'ya ba. Ko kafin ya mutu, zamanin mai fita shi kaɗai ya soma wucewa, faɗa ya koma na ƙungiya.

Yanzu ga wanda na fi daɗewa a kansa da yaron. James McCudden an haife shi ranar 28 ga Maris 1895 a Gillingham da ke Kent. Mahaifinsa samanja ne a rundunar injiniyoyin soja, wato rundunar da Hawker ya shiga. Amma dubi ƙofar da kowa ya bi: Hawker ya shiga a hafsa daga Woolwich, McCudden ya shiga a 1910 yana ɗan shekara 15, mai busa begila. A 1913 ya bi sawun wansa William zuwa rundunar sama, a matsayin makanike. Wankin inji, ɗaurin waya, juya farfela da hannu don a tayar da jirgi, wannan ne aikinsa.

Ranar 12 ga Agusta 1914, rundunarsa ta 3 tana shirin tashi zuwa Faransa daga Netheravon, shi ya juya farfelar wani jirgi samfurin Blériot mai ɗauke da matuƙi da makanike. Ya ja baya yana kallo jirgin ya ɗaga, ya karkace, ya faɗo da ka. Ya ruga a guje ya tarar duka biyun sun mutu. Su ne mutanen farko da rundunar ta rasa a yaƙin, tun ba a ga Bajamushe ko ɗaya ba. Daga wannan safiya har zuwa Yulin 1918 yana cikin abin, mataki bayan mataki: makanike, kofur, saje, mai riƙe bindiga a kujerar baya, sannan matuƙi a 1916. Nasararsa ta farko ranar 6 ga Satumba 1916 ce, a cikin DH.2, irin jirgin da Hawker zai mutu a ciki bayan makonni goma sha ɗaya. Sai a farkon 1917 aka ba shi hafsa. Ya koyar da tuƙi a Ingila, cikin ɗalibansa har da Mick Mannock wanda shi ma ya zama babban gwani. A Agustan 1917 ya shiga runduna ta 56, wata uku bayan mutuwar Ball, kuma yana cikin waɗanda suka yi wa gwanin matuƙin Jamus Werner Voss taron dangi ranar 23 ga Satumba, faɗan da shi kansa ya yaba wa Bajamushen a kai.

Inda Ball ke afkawa, McCudden lissafi yake yi. Makanike ne har ya mutu. Yakan shafe sa'o'i a kan bindigoginsa yana daidaita saiti, yana duba harsashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya sa wa injin jirginsa SE5a fistin na musamman masu ƙara matsi, ya rage duk nauyin da ba dole ba, don ya iya hawa inda sauran ba sa kaiwa. Abin da yake nema a can shi ne jiragen leƙe na Jamus masu mutum biyu, irin su Rumpler, waɗanda ke wucewa a ƙafa 18,000 zuwa 20,000 suna ɗaukar hoton ramukan sojoji da ma'ajiyar makamai. Ka tuna jirgin a buɗe yake, cikin hunturun Turai, ba iskar shaƙa ta kwalba, ba lemar tsira, domin ba a ba matuƙan Ingila ita ba a yaƙin nan. Yakan bi jirgi ɗaya tsawon lokaci, ya ɓuya ƙarƙashin wutsiyarsa inda mai bindigar baya ba ya iya saitinsa, ya jira, sannan ya yi ɗan gajeren harbi. In ya ga yanayin bai ba shi ba, sai ya juya ya tafi, ba ya jin kunyar haka. Yakan sauko da ciwon kai mai tsanani da jiri. Ranar 23 ga Disamba 1917 ya harbo huɗu, ya sake yin haka ranar 16 ga Fabrairu 1918.

Abu biyu nake so ɗalibi ya lura da su a nan. Na ɗaya, galibin 57 ɗin nan jiragen leƙe ne, kuma su ne masu cutar da sojan ƙasa, domin hoton da suka kai gida shi ke gaya wa igwa inda za ta faɗa. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro jirgin faɗa tun farko. Na biyu, da yawa daga cikinsu a yankin Ingilishi suka faɗo, aka je aka ga tarkacensu, shi ya sa lissafinsa yana cikin waɗanda suka fi inganci. Ga kuma kula da yaran da ke ƙarƙashinsa: ya shahara da dawo da su gida da rai.

An ba shi Victoria Cross a Afrilun 1918, watan da aka haɗe rundunonin sama aka kafa RAF, rundunar sojan sama mai zaman kanta. A lokacin ya riga ya rasa 'yan'uwa biyu a jirgi: William a haɗari a 1915, ƙaninsa John a fagen daga a Maris 1918. A 'yan watannin da ya yi a Ingila ya zauna ya rubuta labarin shekarunsa biyar a rundunar, littafin ya fito bayan rasuwarsa. Ranar 9 ga Yuli 1918 ya tashi zuwa Faransa, yanzu yana manjo, zai karɓi runduna ta 60, wadda Ball ya yi suna a cikinta. Hazo ya sa ya sauka a filin Auxi-le-Château ya tambayi hanya. Yana sake tashi inji ya yanke, jirgin ya faɗa cikin itatuwa a gefen filin. Ya cika a daren, aka binne shi a ƙaramar maƙabartar Wavans. Mutumin da ya fi kowa sanin inji, inji ne ya zama ajalinsa.

Idan aka jera su gefe da gefe ta fuskar mai aikin rubutu, tsawon hidima ya fi komai nauyi a wurina. Hawker ya ba ka 1914 zuwa 1916. Ball ya ba ka wata goma sha biyar, da hutun rabin shekara a tsakiya. McCudden ya ba ka yaƙin kusan gaba ɗaya, kuma daga ƙasa zuwa sama: ka ga rumfar makanikai, ka ga kujerar baya, ka ga ta gaba. Ta fuskar shaida kuma, Hawker ta bakin wasu ka fi jin sa, Ball ta wasiƙun gida da ba don jama'a ya rubuta ba, McCudden ta littafin da ya tsara da kansa. Nan ma akwai gargaɗi. Littafin an rubuta shi yaƙi na ci, kuma marubucin mutum ne mai kame kai. Zai gaya maka tsayin da ya hau da nisan da ya yi harbi, amma abin da ke ransa game da 'yan'uwansa biyu sai ka tono. Wanda ke neman zuciya a buɗe, Ball zai koma.

Akwai kuma batun asali, wanda McCudden kaɗai ke buɗe maka ƙofarsa. Sojan Ingila na wancan zamani hafsa ɗan manya ne, ɗan samanja kuwa iyakarsa a san shi da biyayya. Yadda mai busa begila ya zama manjo cikin shekara takwas tambaya ce da za ta cika babi guda, kuma tana nuna yadda sabuwar fasaha ta tilasta wa tsohon tsari ya ba mai iyawa wuri. Wannan batu ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin ƙwararren makanike yana karɓar umarni daga wanda bai san inda fulogi yake ba.

Yaron ya tambaye ni ko akwai inda labarin ya taɓo mu. Akwai, amma kada a ja shi ya wuce inda ya tsaya. Babu ɗaya cikin ukun da ya taka ƙasarmu. Sai dai a watan da Hawker ya kai rundunarsa Faransa, Fabrairun 1916, a watan ne Jamusawan da ke kan dutsen Mora a arewacin Kamaru suka miƙa wuya, bayan kewayen da sojojin Najeriya, cikinsu da Hausawa da yawa, suka sha wahalarsa fiye da shekara. Yaƙi ɗaya ne. Sannan jirage uku na RAF da suka taso daga Masar suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, Arthur Coningham ne ya jagorance su, kuma shi ma a DH.2 ya fara faɗan sama a Faransa. Jimla biyu a gabatarwa sun ishi wannan.

Shawarar da na ba shi ita ce: in malaminka ya fi son asalin abu da yadda aka ƙirƙiro shi, ɗauki Hawker, ka ƙwato shi daga inuwar Richthofen. In kana jin za ka iya riƙe alƙalaminka kada tausayi ya kwashe shi, kuma kana son batun jarida da farfaganda, ɗauki Ball. Amma tunda abin da aka ce maka shi ne rayuwa ɗaya da za ta nuna yaƙin, ni McCudden zan ɗauka, kuma Hawker da Ball za su shigo da kansu, ɗaya ta DH.2 da rundunar injiniyoyi, ɗaya ta runduna ta 56 da ta 60.

Bayan kwana biyu ya sake kira. Ya ce, "Kawu, na tsaya a kan McCudden, amma na cire 57 ɗin daga shafin farko." Na tambaye shi da me zai buɗe. Ya ce da safiyar 12 ga Agusta 1914 a Netheravon, makanike ɗan shekara 19 ya kama farfela da hannu biyu yana jiran matuƙi ya ba shi alama.